Turaren da Bango Ya Riƙe wa Baba

Ranar da Baba ya rasu, ba rasuwar ce ta tsaya wa matan unguwar Dukawuya a rai ba. Mutum ya haura saba'in, ya sha jinya, kowa ya ga inda aka dosa. Turaren likkafani ne ya tsaya musu.

Tun ina ƙarama, duk gidan da aka yi rashi a unguwarmu, kafin ruwan wanka ya yi ɗumi Inna ta aika da turarenta na wuta a turara likkafani. Ba ta taɓa jira a roƙe ta ba. Mu asalinmu mutanen Barno ne. Yaren ya gudu ya bar mu tun zamanin kakanni, amma turaren bai je ko'ina ba, kuma a hannun mahaifiyata ya zauna. To ga mijinta kwance, masu wanka sun aiko a ba da turare, sai Inna ta zuba wa tabarma ido ta ce a aika kasuwar Kurmi a sayo.

Goggo, ƙanwar Baba, ta saki carbinta. "Yaya, me kika ce?"

"Na ce a sayo a Kurmi. Akwai masu kyau."

Kowace mace a ɗakin ta ƙulle abin da ta ji a bakin zane don ta kai gida. Da aka gama shirya shi aka ce iyali su zo su yi masa addu'a, Inna ta zo ta durƙusa ta daɗe tana addu'a, har da hawaye. Goggo ta raɗa mata, "Ki yafe masa mana." Inna ta ce, "Allah ya jiƙansa." Ina gefenta ina jiran sauran maganar, har aka ɗauki makara ban ji ta ba.

A waje kuwa, in ji yayana, maza na ta yabo. Ɗalibansa na jami'a, wasu har da furfura yanzu, suna cewa bai taɓa makara aji ba. Maƙwabcinmu mai sayar da robobi a Ƙofar Wambai ya ce tun ƙuruciya suke sahu ɗaya a masallaci, bai taɓa jin an kai ƙarar Malam ba, shi dai har yau bai gane aikinsa ba. Wani dattijo ya rantse Baba ya taɓa zuwa duniyar wata. Ba wanda ya ƙaryata shi, don a unguwa Malam Mai Tauraro ake ce masa, kuma ranar makoki ba ranar gyara labari ba ce.

Ni ce 'yarsu ta biyu, ni ce kuma masinjarsu shekara da shekaru, kuma a gajiye nake wannan rubutu. Ina yi ne don 'ya'yanmu, kada su tashi su ji rabin labari a bakin mata. An saba a wanke mamaci fes a takarda. Ni zan faɗi Baba yadda yake, don a hakan na ƙaunace shi.

Baba bai je wata ba. Karatun Fiziks ya kai shi Turai yana saurayi, ya shiga cikin wasu masana da ke shirin harba tauraron ɗan'adam. A cikin tauraron za a sa ɗan dunƙulen ƙarfe a akwati, a sake shi yana shawagi ba abin da ke taɓa shi, a ga ko ƙarfin da ke jan abubuwa su faɗo yana aiki daidai yadda lissafi ya ce. Shi ba a lissafin yake ba. An ba shi ɓangaren abubuwan da za su dami ƙarfen su ɓata awon.

"Ni shara aka ba ni," haka yake cewa in an tambaye shi. "In share akwati har ya zama babu komai a ciki. Ban taɓa gamawa ba."

Ina firamare na tambaye shi me zai dami ƙarfe a sararin samaniya, inda ko ƙuda babu. Ya ajiye cokali, Inna ta harare ni don ta san tuwon ya huce ke nan. Ya ce in ɗauka ina tsaye a tsakiyar Kurmi ana bangazata ta ko'ina daidai wa daida, ba inda zan matsa. To in mutanen dama sun fi na hagu gaggawa fa? Na ce zan tafi hagu. Ya ce haka iska take. Ko an zuƙe ta daga akwati, akwai 'yar saura, kuma in gefe ɗaya ya fi ɗaya ɗumi ko da kaɗan ne, iskar wannan gefen ta fi zafin nama, sai ta riƙa tura ƙarfen. Mai awo kuma ya zaci ya gano sabon sirrin halitta, alhali bango ne ya ji rana.

"To Baba, a zuƙe ta duka mana."

"Ki zuƙe yau, gobe ki tarar da wata. Jikin akwatin ma ya sha iska tun yana ƙasa, yana sakinta a hankali. Kullum akwai saura, kuma sauran nan yana turi."

Wannan magana mun ji ta har mun gaji. In an ce miya ta ƙare, ya leƙa tukunya ya ce akwai saura. In an ce wane da wane sun shirya, ya ce akwai saura. Yana da wata ɗabi'a kuma, duk ɗakin da ya shiga sai ya ɗora bayan hannunsa a bango, ya zaga ya taɓa ɗaya bangon. A gidan surukaina ma ya yi, ranar da ya fara zuwa, na rasa inda zan sa kaina.

Bai ga ƙarshen aikin ba. Kakanmu ya kwanta ciwo ya aika masa ya dawo, ya kuwa tattaro ya dawo, aka yi masa aure, ya kama koyarwa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Sai dai da kakan ya rasu, Baba ya hana a rushe tsohuwar shigifarsa ta ƙasa da ke ƙuryar gida, duk da an mai da sauran ɗakuna na siminti. Ya ce kaurin bangonta ya fi na'urar sanyaya ɗaki riƙon amana. A ciki ya kafa abinsa: wani tulun gilashi, a ciki ɗan sandan ƙarfe na reto a jikin waya siririya kamar gashi, da ɗan madubi mai jefa ɗigon haske a bango. Ga injin zuƙe iska a ƙasa yana gurnani duk lokacin da aka kawo wuta. In ɗigon hasken ya gusa, wani abu ya turi sandan ke nan. So yake ya auna turin da zafi da sauran iska ke yi, ya aika wa abokan aikinsa na da, su san har yanzu yana nan.

Dokar shigifa ɗaya ce, kada kowa ya shiga. Ya ce ɗumin jikin mutum kaɗai ya isa ya kori ɗigon. Shi kansa in ya shiga, can nesa yake rakuɓewa kamar baƙo. Mukulli kuwa ba ya barin aljihunsa.

Ranar da abin ya faru jajibirin Babbar Sallah ne, ina budurwa lokacin. 'Yan'uwan Inna sun zo daga Maiduguri, gida ya cika. A al'adarmu ranar ba ɗakin da ba a sharewa a turara, har kicin. Inna ta ɗauki rigar da Baba ya cire za ta ɗora a kabbasa, wato kwandon da ake kifawa kan kasko a shimfiɗa tufafi su sha hayaƙi, sai mukulli ya faɗo. Shi kuma ya tafi aski. Ta buɗe shigifa, warin man inji ya buge ta. Ta ce ina, ɗakin surukinta ba zai kwana Sallah yana warin gareji ba.

Ba kowane turare ta ɗauko ba. Akwai wata kwalba da mahaifiyarta ta haɗa da hannunta kafin ta rasu, kajiji da sandal da farce da wani abin da har yau Inna ba ta gano ba. Ita ta juye a kaskon da ta zo da shi gidan aure. Ta cika shi da garwashi, ta ajiye a gindin bangon yamma dab da tulun gilashin, ta ja ƙofa ta rufe ruf, don haka ake yi in ana so ɗaki ya kama. Ta fito tana murmushi. Na gan ta.

Baba ya dawo ya hangi hayaƙi na fita ta ƙasan ƙofa. Tun farkon damina yake jiran wayar nan ta natsu, bai daɗe da fara samun awon da yake so ba. Ya shiga, ɗigon haske ya bar bango gaba ɗaya. Sai ga kasko ya fito a sama ya tarwatse a tsakar gida, garwashi ya watsu har kan tabarmar baƙi. Baba, mutumin da ko akuya ba ya daka wa tsawa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya.

"Wa ya ce jahila ta taɓa mini aiki?"

A gaban yayyenta ya faɗa. Inna da ta sauke Alƙur'ani tun kafin ya san hanyar filin jirgi. Ta ɗauko tsintsiya ta tattara ɓaraguzan kaskon, ta koma ta ci gaba da yankan albasa.

Daga ranar tufafin Baba ba su ƙara hawa kabbasa ba. A wanke, a goge, a ninke, a ajiye masa, ba ƙamshin komai sai sabulu. Wanda ba ɗan gidan Barebari ba ba zai gane girman wannan ba. Namijin gidanmu tun daga zaure ake sanin ya taho. Baba ya koma yana shiga masallaci kamar gwauro, kowa ya ji, ba wanda ya tambaya. Ba gaba suke ba fa. Tana gaishe shi, tana kai masa abinci, da ya kwanta ciwo ita ta yi jinyarsa ba ta yarda an kama mata ba. Amma duk maganar da ta wuce gishiri da gaisuwa, ta kaina take bi. Ce wa mahaifiyarki. Faɗa wa babanku. Na yi aure, na haihu, ina aiki, ban huta ba, don waya ta zo ta sauƙaƙa musu aikena.

Baba ya iya bayanin komai ban da ba da haƙuri. Abin da ya iya shi ne ya saci jiki ya tafi Kurmi ya sayo itacen sandal, ya ba ni a zaure ya ce in ce ni na sayo. Masu turare kuwa sun gane shi, duk itacen da ya kwana a shago shi suke ajiye wa Malam. Inna ta karɓa ta shinshina ta juya shi.

"Wannan sandal ɗin mai ilimi ne ya sayo shi," ta ce, ta jefa a kwando.

Ba ta taɓa zubarwa ba, ba ta kuma taɓa amfani da shi ba. Kwandon na nan ƙarƙashin gadonta, ya cika.

Bayan ya yi ritaya aka harba irin tauraron da ya yi wa wahala. Wani tsohon abokin aikinsa ya turo masa saƙo, muka kalla tare a wayata. Da aka jima labari ya zo cewa ƙarfen yana ƙara natsuwa a hankali yayin da sauran iskar ke fita daga akwatin. Na zaci zai yi tsalle. Ya gyaɗa kai kawai ya ce, "Sun yi haƙuri da shi." Ya miƙo mini waya ya tafi alwala. Ranar na ga tsufa ya sauko masa.

Duk da haka bai daina shiga shigifa ba. Kullum bayan la'asar ya shige ya ja ƙofa, sai an kira magariba. Inna ta kan bi ƙofar da kallo ta ce, "Malam ya tafi wajen aiki." Mu duka haka muka ɗauka.

Bara, da ƙafa ta fara gagararsa, na bi shi da magani na ƙwanƙwasa. Ya ce in shigo. Na tsaya ina tunanin ko ban ji daidai ba. Da na shiga na tarar ƙura ta rufe injin, gizo-gizo ya yi saƙa a kan tulun, wayar ta tsinke, sandan na kwance a ƙasan gilashi. Wannan ba lalacewar bana ba ce ko ta bara. Shi kuma yana zaune a buzu, ya jingina da bangon yamma.

"Baba, me kake yi a nan kullum?"

"Zauna. Jira bango ya ɗau zafi."

Na zauna ina duban agogo, don na baro yara. Can, ban san lokacin da ya fara ba, sai na ji shi. Ƙamshi ne siriri, in ka neme shi ya ɓuya, in ka manta da shi ya dawo. Turaren Kaka, mahaifiyar Inna. Ƙasar bangon da azara sun sha shi ranar nan, kuma duk yamma in rana ta gasa bayan ɗakin sai su saki kaɗan.

"Yana raguwa," in ji Baba. "Da har ƙofa yake kaiwa. Yanzu sai na matso."

Na fashe da kuka, ba na tausayi kaɗai ba, har da haushi. Na ce, "Baba, tana tsakar gida fa! Taku nawa ne? Ka je ka ba ta haƙuri mana."

Ya ɗora bayan hannunsa a bango. "Ina shiri."

A ranar na kwashe duka na faɗa wa Inna. Tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Shi ba shi da baki ne? A gaban mutane ya faɗa da bakinsa, ba aike ya yi ba." Na koma na faɗa masa, ya ce gaskiyarta. Yana wannan shiri har harshensa ya yi nauyi, har ya daina magana, har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, aka bar mu da wanke-wanke da maganganu. Yayana ya ce shigifa ta tsage ta baya, ba za ta ɗauki wata damina ba, gara a sauke ta kafin ta faɗa kan yara. Gaskiya ya faɗa. Goggo kuma ta ware tufafin Baba za a bayar sadaka, tana ninkewa tana cewa ɗan'uwanta ya tafi da nauyi a kansa. Ni abin da ke hana ni sukuni ke nan. Ina tsoron ya tsaya gaban Allah da haƙƙin matar nan, ina kuma tsoron ita ta ƙarasa rayuwarta da dutse a ƙirji.

Ana gobe magina za su zo, bayan la'asar, na je na tsaya a kan Inna da mukulli a hannuna. Ban taɓa yi mata magana a tsaye ba.

"Inna, na gaji. Wallahi na gaji da aike. Ba zan ƙara faɗa miki komai ba. Ki tashi ki je ki ji da hancinki, gobe babu ɗakin."

Ta dube ni har na fara nadama. Sannan ta ja mayafinta ta miƙe.

A bakin ƙofa ta tuɓe takalmi. Ba ta kalli tulun ba, ba ta kalli injin ba. Kai tsaye ta nufi bangon yamma, inda buzunsa yake. A gindin bangon akwai baƙin tabon hayaƙi, tsawon tafin hannu. An sha yi wa ɗakin yaɓe, an zagaye tabon an bar shi. Sama da shi kuma ƙasar ta yi santsi tana ƙyalli, daidai inda ƙeyarsa ke jingina.

"Nan na ajiye shi," ta ce.

Ta durƙusa. Muna jin yara na ƙwallo a lungu. Na fara fargabar ko ƙamshin ya ƙare, ko na jawo ta a banza. Sai na ga ta matsa, ta kai fuskarta dab da bango, inda kansa ya goge. Ta shaƙa.

"Haɗin Iya ne," ta ce. "Har da abin nan da na kasa ganowa." Sannan ta ce da bangon, ba da ni ba, "Kai dai Malam, da wahalar da kai kake. Na yafe maka. Ni ma ka yafe mini."

Ta miƙe ta fita da sauri, ta tsaya daga waje tana share ido, don mai takaba ba ta ma'amala da turare. Ta ce in ɗebo garwashi, in ɗauko kabbasa, in kwaso rigunan da Goggo ta ninke. Ta ce in jawo kwandon ƙarƙashin gado.

Goggo ta fito da gudu. "Yaya, takaba fa kike!"

"Ba ni zan sha hayaƙin ba. Kayansa ba za su fita gidan nan suna warin sabulu ba."

Na ce, "Inna, wannan sandal ɗin ai ba shi da kyau."

"Na sani. Zuba."

Na zuba, na kifa kabbasa a tsakiyar shigifa, na shimfiɗa babbar rigarsa ta Juma'a. Tana daga bakin ƙofa tana ba ni umarni, in rage wuta, in juya hannun riga, in bar wuyan ya daɗe. Da hayaƙi ya tashi ta ce in fito in ja ƙofa. Ta zauna a dandamali ta jingina da ƙofar, ba ta tashi ba sai da aka kira magariba.

Washegari magina suka zo. Rigar kuwa ladanin unguwa aka ba. Juma'ar da ta biyo baya ya wuce ta ƙofar gidanmu, Inna na tsakar gida ta ɗaga kai tun kafin ya yi sallama.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka san abin da ya faɗa da abin da ya kasa faɗa. Wadda ya ɓata wa ta sauke masa, Kai ma Ka sauke masa sauran, Ka sanyaya makwancinsa ta kowane gefe.